Katakon Kanya na Baba

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Baba ya riga mu, ranar wata Talata bayan azahar, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Ina rubuta wannan ne tun muryarsa ba ta dusashe a kunnena ba, don jikokinsa da ba su same shi da ƙarfinsa ba su san irin mutumin da aka yi a gidan nan.

Na sha zaman makoki a Illela, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mace za ta shigo fuska a murtuke, ta durƙusa gaban Inna, ta yi addu'a, a shafa. Da an ɗan yi shiru sai wata ta ce, "Kun tuna ranad da yak kori mai gyaran rediyo da sanda don ya taɓa mai zarto?" Shi ke nan, tsakar gida ta ɗauki dariya. Goggo, ƙanwar Baba, ta yi ta tsawa tana cewa, "Ku ji tsoron Allah, gidan mutuwa na hwa!" Kafin ta rufe baki ita ma ta tuno nata, ta cusa fuska cikin mayafi kafaɗunta na rawa, ba mai iya cewa kuka take ko dariya.

Labarin waje kuwa Yayana ke shigo mana da shi. Direbobin da ke ɗaukar albasa da wake suna ƙetara iyaka sun zo gayya guda, har ɗaya ya toshe bakin lungunmu da motarsa da gangan, wai sai kowa ya ga furannin katako da Baba ya yanka masa a goshin bodi shekarun baya, ko ɗaya bai ɓalle ba. Wata tsohuwa ta taso tun daga Ƙonni da madubin aurenta ƙulle cikin zane. Ta kwance ta nuna mana ganyayyakin da suka zagaye shi, ta ce mijin ya mutu, madubin ya tsage, aikin Baba yana nan. Sai kuma wani tsohon Bafulatani daga wajen Gidan Katta, wanda muke kira Kawu ko da yake ba abin da ya haɗa mu ta jini. Shi kaɗai aka bari ya shigo har gaban Inna. Ya tsuguna, ya zaro wata 'yar saniyar katako daga aljihu, ya riƙe ta a tafin hannu, hawaye na bin gemunsa.

Ni ce ɗiyar Baba ta biyu, tela ce ni, na fi shekara talatin a kan keke. Kowa ya zo da abin da Baba ya yi masa, ni kuwa abin da na ɓata masa ke ta dawo mini a rai. Akwai wani baƙin katako na kanya da ya ajiye kusan shekara ashirin a ƙarƙashin rufin shagonsa. Yana cewa da shi zai yi aikin da zai tafi ya bari, wato Bismillah da fararen haruffa cikin baƙin katako, a kafa saman ƙofar masallacin unguwarmu. Katakon ɗaya ne tak, ba shi da ɗan'uwa. Idon Baba ya tafi bai yanka shi ba, kuma ba abin da ya hana shi sukuni a shekarunsa na ƙarshe irin tsoron ya mutu katakon nan na rataye.

Baba kafinta ne, amma ba irin na benci da ƙyaure ba. Zayyana yake yankawa cikin katako da wani siririn zarto mai kaurin tsinken tsintsiya, wanda ke tsaye tsakiyar ɗan teburi yana hawa da sauka kamar allurar keke. Zarton ba ya barin wurinsa. Katakon ake turawa, ana juya shi, har fure ko tsuntsu ko harafi ya fito. A wani shago can ƙetare ya fara ganin irinsa, ya dawo gida da ƙunshin zartuna a aljihu da siffar injin a ka, ba shi da abin da zai motsa shi.

A makon da ya dawo ne Inna ta tafi biki Kalmalo, kwana uku. Da ta dawo ta tarar da kan kekenta na ɗinki, wanda aka kawo ta da shi gidan aure, zaune a kan gado kamar kan rago ranar Sallah, ƙafafun babu.

Ta ce, "Malam, ina ƙahwahun kekena?"

Ya ce, "Suna nan lahiya lau, aiki nib ba su. Taho ki gani, wallahi abin mamaki na!"

Shi fa har ga Allah ya zaci murna za ta yi. Ya ja ta zuwa shago, ya zauna, ya taka feda, zarto ya hau rawa, nan take ya yanko mata kurciya da fukafukanta a buɗe, ya miƙa mata yana washe baki. Inna ta karɓa, ta juya ta gaba da baya, ta wuce madafa ta cusa ta a murhu. Ita da kanta ta ba da labarin nan a zaman makoki, tana share ido da gefen hijabi: "Da kurciyan nan nid dahwa mai tuwo, yac ci, yac ce miya ta yi daɗi." Wata guda cur ba ta yi masa magana sai ta bakinmu. Aljihun rigarsa ya yage, ya yi ta yawo da shi a haka, har liman ya tambaye shi ko lafiya. Sai da ya samo wasu ƙafafun wurin wani tela da ya bar sana'a aka shirya, kuma a kan wannan keken na koyi ɗinki.

Wanda bai san Baba ba cewa zai yi malalaci ne. Za a kawo masa aiki, ya manna zanen a katako, sannan ya zauna yana juya katakon a cinya, ya dubi nan, ya dubi can, ya shafa shi da babban yatsa yana bin kwanciyar itacen. Mai aiki na tsaye yana huci, Baba ko a jikinsa. Yanka ba ya ɗaukarsa lokaci, sanin ta inda zai shiga ne ke cinye masa wuni. In aka matsa masa sai ya ce, "Wanda bai san gehen da za shi zubar ba, bai san gehen da za shi aje ba." Duk sabon zarto kuma sai ya fara gwada shi a guntu, domin a cewarsa ba zarton da ke tafiya sak, kowanne da gefen da yake ja, kamar jaki. Da ya gano gefen sai ya bar masa shara a can ya ci, zanen kuma ya tsira. Ranar da Yayana ya ce zai bar shago ya shiga fataucin wake, mun taru muna jiran a yi tashin hankali. Baba ya dube shi ya ce ya daɗe da sanin can yake ja, ya je Allah Ya sa albarka.

'Yar saniyar Kawu kuwa, wata shekarar fari ce ta haife ta. Ranar kasuwa ce, Kawu ya sayar da saniyar da ya fi so don ya ciyar da gida, ya zo ya zauna inuwar shagon Baba, ba su san juna ba. Baba ya ba shi ruwa, ya ƙyale shi, sai can da la'asar ya tambaye shi abin da ke damunsa. Da ya ji, sai ya ce ya zana masa ita a ƙasa. Kawu ya zana da sandarsa, Baba ya yanka, Kawu ya duba ya girgiza kai, ya ce ƙahon hagu ya fi haka sunkuyawa. Baba ya sake. Kawu ya ce tozon ya yi girma. Sai a na huɗu Kawu ya karɓa, ya kira ta da sunanta, ya tashi ya tafi ko godiya bai iya yi ba. Bayan wasu shekaru sai ga Kawu da raƙumi a ƙofar shago ɗauke da gungumen kanya da iska ta kayar a kusa da rugarsu. Da aka tsaga aka tarar da zuciyarsa baƙa wuluk. Baba ya yi tsalle a gaban jama'a, hularsa ta faɗi. Wajen bushewa duk allunan suka tsage, ɗaya ne ya tsira, tsawonsa kamu ɗaya da rabi.

Gaskiya zan faɗa ko da ya rasu, katakon nan ya sha ba ni haushi. Duk shekara sai ya sauko da shi, ya kakkaɓe, ya shafe shi da man gyaɗa, ya juya shi a cinya, ya mayar. In aka ce yaushe, ya ce hannunsa bai nuna ba tukuna. Mutumin da zayyanarsa ke yawo ƙasa biyu a goshin motoci, wai hannunsa bai nuna ba! Yana wannan jira idon ya fara hazo. Yayana ya kai shi Sakkwato, likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, hawan jinin ido ne, an makara. Cikin shekara biyu ya koma ba ya rarrabe komai sai haske da duhu. Ya san inda ƙofa take in rana ta fito, iyakarta ke nan.

Yayana ya so ya taimaka. Ya ce akwai masu inji a Sakkwato da kwamfuta ke ja, a kai musu katakon, cikin awa guda su gama. Baba ya laluba sandarsa ya ce, "Kwamhutar taka ta taɓa sunsuna kanya? Tashi ka ba ni wuri!" Daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Amma muna ganinsa, yakan sa a kai shi shago ya zauna ƙarƙashin katakon, hannuwansa a cinya ba abin yi. Ganin haka yana ƙona mini rai, don Baba ba mutumin zama ba ne.

Wata rana da yamma ya zo gidana gaida jikoki, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin da nake ɗinki. Ina cikin haɗa wuyan wata riga sai na ji ya ce, "Wa ka taka keken ga?"

Na ce, "Ni ta, Baba."

"Ƙara takawa in ji."

Na taka. Ya karkata kai yana saurare.

"Shiga kwana."

Na shiga kwanar wuyan, na rage gudu, na fita, na ƙara. Ya buga tafinsa a cinya ya ce, "Shekara nawa ina neman ƙahwa, ashe tana gidan ɗiyata! Gobe da sahe ki taho shago."

Ni da jikoki uku, ga gwiwa ta fara ƙara! Amma wallahi ji na yi kamar in yi tsuntsuwa. Maigidana ya yi ta tsokanata, wai ya auri tela an musanya masa da kafinta. Goggo ta ce ita ba ta taɓa jin mace da zarto ba. Baba ya ce ai kafin shi ma ba ta taɓa jin zarto da ƙafar keke ba.

Wata huɗu ina zuwa kullum da safe. Na karya zartuna har na daina ƙirgawa, kuma duk wanda ya tsinke sai Baba ya ce, "Kin tura shi, ba a tura shi, rarrashi nai aka yi." Amma aikin ya karɓe ni da wuri, don ɗinki ne aka canza wa kaya. Allura na tsaye, yadi ke tafiya. Na yanka ganye, na yanka kifi, na yanka sunayen jikokina. Yakan karɓa ya bi bakin da yatsa, in ya ji gargada ya jefar, in ya ji sumul ya yi gyaran murya kawai. Duk wannan koyo a kan teburi shimfiɗaɗɗe na yi shi, inda ko ta dama ka zagaya zane ko ta hagu, abin da zai fito ɗaya ne. Ni kuwa kamar kowane tela, jikin riga a hagun allura nake barinsa, gefen da za a datse a dama. Haka hannuna ya ci gaba da yi a kan katako, Baba ba ya gani, ni kuma ban san wani abu ne ba.

Aikin kanya daban ne, kuma sai da ya bayyana mini shi dalla-dalla. Za a ɗora farin katako a kan baƙin, a haɗe su da 'yan ƙananan kusoshi, a manna rubutun a sama, a yanka su tare. Amma za a karkata teburin kaɗan zuwa dama, don yankan ya shiga a gicciye. Da haka harafin zai fito da faɗi a sama, tsuke a ƙasa, kamar marfin tulu. Sai a zare baƙin harafin a ajiye, a danna farin cikin ramin baƙin katako, ya sauka ya cije, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Sharaɗin ɗaya ne, dole harafin ya kasance a gefen gangare, wato dama da zarto, tun daga farko har a zagayo. In ya koma hagu, faɗin zai koma ƙasa, farin harafi ya zama ƙarami ga raminsa.

Ya ce, "Harahi ga dama, shara ga hagu. Maimaita."

Na maimaita sau uku, har da 'yar dariyata. Na gwada a guntaye da ƙananan da'ira, ina kula, duka suka zauna daram.

Baffa, ƙanen Baba da ke koyar da karatu, shi ya rubuta mana Bismillah da alƙalami mai kauri. Farin katakon kuwa ba wani na kirki ba ne, irin wanda ake yin benci da shi, tunda haruffa kawai za a ciro a jefar da sauran. Ranar Alhamis da walaha muka sauko da kanya. Baba ya sa sabuwar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Inna ta ɗauko kujerarta ta zauna bakin ƙofa, wai ta zo ganin abin da ƙafafun kekenta za su haifa. Baba ya huda ramin farko da hannunsa, na zura zarto na ɗaure, ya yi addu'a muka shafa.

Kalmar farko ita ce bismi, haruffa uku a haɗe, yanka ɗaya ba tsayawa. Na taka feda. Zarto ya shiga, ƙamshin kanya ya tashi, baƙin gari da fari suka fara zuba a ƙafata. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Hannuna ya saki, haƙoran sin guda uku na shige su na fita ko gezau, na zagaya kan mim na gangara wutsiyarta. Baba na gefena yana kaɗa kai da sautin feda, yana cewa, "Haka! Haka, ɗiyata! Kak ki tsaya!" Gumi na shiga mini ido ban share ba. Kusan awa guda, sannan zarton ya dawo inda ya faro, na ji kalmar ta saki. Na yi guɗa, ni da ban taɓa guɗa a bikin kowa ba.

Muka zare zarto. Na tura baƙar kalmar ta fita ta ƙasa, na ɗora yatsu a kan farar na danna ta cikin ramin kanya. Ba ta cije ba. Ta zarce ta faɗi ƙasa, ƙwal.

Baba ya ce, "Mi na na yah hwaɗi?"

Ya juyo inda nake, ya sake tambaya.

"Wane gehe kib bar harahi?"

Na dubi hannuwana, suna nan yadda suka saba zama a kan keke. Na ce, "Hagu, Baba."

Sabo turken wawa. Tun takun farko na juya katakon yadda nake juya riga, daɗin aiki ya ɗauke ni ban waiwaya ba. Na zame daga kujera na zauna cikin garin katako ina kuka kamar yarinya. Shekara ashirin na mutum na yanka cikin awa guda. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan da ya kori mai rediyo. Bai yi ba. Ya jawo katakon cinyarsa, ya zura yatsu cikin ramin yana bin bakinsa a hankali, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na ce, "Baba, bari in yanka sauran daidai. Wanga kuma in cike gehen da gam da garin kanya, ba mai ganewa daga ƙasa."

Ya ce, "Ciko ga sunan Allah? A'a."

Inna ta buɗe baki, na san kuma maganar kekenta za ta tayar, sai ta dubi fuskarsa ta fasa. Can Baba ya miƙo hannu ya ce in ba shi baƙar kalmar. Ya shafa gefenta sama da ƙasa, ya sake shafawa. Ya sa na ɗan ɗaga farin katakon daga kan baƙin, ya zura baƙar kalmar ta ƙarƙashinsa, ya tura ta sama da manyan yatsunsa biyu. Ta hau, ta hau, ta cije. Ya bi ta da farce yana neman tsaga bai samu ba.

Ya daka ihu, "Allahu Akbar! Ta zamna! Uwar yara, taho diba min, mi kig gani?"

Inna ta taso ta leƙa. Ta ce, "Malam, awa allo da tawada."

Na daina kuka na tashi na duba. Baƙar bismi ce kwance cikin farin katako, lafiyayya, kamar yanzu Baffa ya ɗauke alƙalami. Kuskuren da ya hana fari zama cikin baƙi, shi ya sa baƙi ya zauna cikin fari. Amma murnar Baba ba ta daɗe ba, don ya riga ni gane abin da hakan ke nufi. In aka bi wannan hanya, katakon benci ne zai hau ƙofar masallaci, kanyar da ya yi wa tanadin shekara ashirin kuma haruffa kawai za a ciro daga jikinta, sauran ya zama shara. Ya daɗe zaune, tafinsa a kan baƙin katakon, yana shafa shi yadda ake shafa bayan dabbar da za a rabu da ita.

Sannan ya ce, "Ni ka son kanya ta zan bango, ita tana son ta zan rubutu. An bar ta da nata." Ya juyo inda yake jin numfashina. "Tashi ki zamna. Yadda kih hwara haka za ki ƙare. Harahi ga hagu, kuma in kik kuskura kik koma dama, sannan za ki ga sanda."

Kwana uku muka yi. Wannan karon hannuna da umarninsa hanya ɗaya suka bi, ban ƙara jin tsoro ba. Duk kalmar da ta fito shi ke tura ta da kansa, kuma duk wadda ta cije sai ya yi kabbara, har maƙwabta suka fara leƙowa. Ɗigon da ke ƙarƙashin harafin farko shi ne na ƙarshe, ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake, sai da na riƙe numfashi. Ranar Lahadi da safe muka gama, na goge fuskar da samfefa, na shafa mai, baƙin ya ƙara baƙi. Inna ta ce a kira Baffa ya zo ya gani. Baba ya rungume allon a ƙirji yana dariya, amma na lura da abin da bai faɗa ba. Kowa na cewa ya yi kyau, shi kuwa sai dai ya shafa.

Na tashi in kawar da shara kafin mutane su taru. Na ɗauki abin da ya rage na kanya, duk ya zama ramuka, na nufi waje da shi don in ɓoye shi inda hannun Baba ba zai kai ba, kada ya taɓa ransa ya ɓaci. Ƙofar shagon tana kallon gabas, rana kuma ta ɗago. Ina kaiwa bakin ƙofa, katakon a gabana, na ji ya ce, "Tsaya!"

Na tsaya.

"Kak ki motsa. Ɗaga shi bisa. Ƙara. Matso kaɗan."

Na waiwaya. Ya miƙe tsaye ba sanda, idanunsa a buɗe, ya ɗaga yatsa yana nuna ni. Baƙin katakon ya tare rana, hasken kuma ya ɓullo ta cikin ramukan, kowace kalma da siffarta.

Ya ce, "Bismi." Yatsan ya matsa hagu. "Allahi." Ya ɗaga murya. "Uwar yara, ina gani! Wallahi ina gani! Ga lam, ga 'yar'uwatta, ga ha!"

Shekara huɗu rabonsa da ganin harafi. Ya karanta har ƙarshe, ya koma farko, ya sake, yana dariya hawaye na zuba a sabuwar rigarsa. Inna ta toshe baki da mayafi. Hannuwana suka gaji, ban sauke ba, da zai ce in tsaya har azahar da na tsaya. Ya matso har numfashinsa na taɓa katakon, ya ƙura ido, sannan ya ce, "Wutsiyar mim ɗin ga ta ɗan karkace."

Na ce, "Baba, haka Baffa yar rubuta ta."

Ya ce, "Ƙarya kike, tela. Amma bar ta, ta yi min."

Farin allon yana saman ƙofar masallaci yanzu. Baƙin kuwa Baba ya sa Yayana ya kafa masa shi a tagar ɗakinsa ta gabas. Wata bakwai ya yi a duniya bayan haka, kuma ba safiyar da bai sa an zaunar da shi gaban tagar nan ya karanta da idonsa ba. Ranar da hadari ya rufe rana sai ya wuni yana faɗa da kowa.

Ya Allah, bawanka ne, ya so sunanka, ya kuma yafe wa wadda ta ɓata masa aiki tun hawayenta bai bushe ba. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa.